Lambar da Mota Ta Faɗa

Shekara talatin da biyu ina sauraren inji
a gindin darbejiyar nan ta bakin tashar Kwalam.
Kunne ne ma'aunina.
In mota ta yi tari tun daga kwana,
kafin ta iso na san fulogi ne ko kafireto.

Sai ga motocin yanzu, masu zurfin ciki.
Ba sa kuka.
'Yar fitila ruwan ɗorawa suke kunnawa gaban direba,
su ja bakinsu su tsuke.

Jajibirin kasuwar Gujungu Ɗan'azumi ya turo tasa,
buhu tara na riɗi a baya, zoɓo a kan rufi,
tana rawar ɗari da tsakar rana.
Na kasa kunne.
Na sake kasawa.
Ta ƙi gaya mini komai.

Nafi'u, yaron da na koya wa riƙon sifana,
ya zaro wata 'yar na'ura da ya sayo a Kano,
ba ta fi tafin hannu ba.
Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari,
ya lalubo wani baki da ban san da shi ba,
mai haƙora goma sha shida,
ya jona, ya murɗa makulli, bai tayar ba.
Har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo.

Harafi ɗaya, lamba huɗu:
Pi, sifili, ɗaya, bakwai, ɗaya.
"Baba, cewa ta yi iska ta yi mata yawa,
mai ya yi kaɗan."
Ɗan'azumi ya ce, "Wannan ai ciwon kowa ne a garin nan,
ka leƙa miyar gidana ka gani."

Nafi'u ya ce sansa ce ta mutu,
sai an aika Ƙofar Ruwa,
sai an sayar da buhu guda.
Na ce, dakata.
Abar taka ta nuna inda ke ciwo,
ba ta faɗi wanda ya yi dukan ba.
Ina motar nan take kwana?
"Gindin rumbu."

Na ɗaga bonet, na bi tiyon iska da yatsa
kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafar yaro.
Can ƙasa, inda ido ba ya kai,
ga huda, ga sawun haƙori,
ga kashin ɓera, shaidar da ya bari.

Tsohuwar robar taya, ɗan guntun waya,
na naɗa, na ɗaure tamau.
Inji ya ja numfashi ya daidaita
kamar jaririn da ya sami nono.

Nafi'u ya danna, ya goge lambar, fitila ta mutu.
Ɗan'azumi ya ce, "Ashe da tun farko ka goge, mun huta."
Yaron ya ce, "Da ta sake kamawa kafin ka kai gada.
Toshe bakin mara lafiya ba magani ba ne."
Na dube shi.
Ban tuna ranar da na koya masa wannan ba.

Yanzu bayan la'asar yana karanto mini lambobi,
ina rubutawa da ajami a takardar buhun siminti:
wannan ta wuta, wannan ta zafi, wannan ta hayaƙi.
Ƙarfe ma yana ajiye lissafin ciwonsa,
bai jin kunyar faɗa in an tambaye shi.

Ni wata uku ke nan da tawa fitilar a ƙirji.
Ladidi ta tambaya, na ce ƙura ce.
Liman ya tambaya, na ce alhamdu lillahi.
Kullum gogewa nake, kullum tana kamawa.

Jiya na yi tari har sifana ta suɓuce.
Nafi'u ya ɗauka, ya goge ta da gefen riga,
bai miƙo mini ba.
Ya ce, "Baba, wannan kuma lamba nawa ce?"

Litinin Ɗan'azumi zai bi ta Ringim.
Ya ce kujerar gaba tawa ce,
har ƙofar asibiti,
kuma kada in kawo maganar kuɗin mota.